Jan Fensir a Kan Kundin Mutum: Dayari da Sanin Kai a Ƙarƙashin Mulkin Gurguzu

A ƙarshen daminar 1964 wasu samari ɗauke da bindigogi suka tsallaka iyaka suka shiga Nijar, wasu ta wajen Birnin Ƙonni, wasu ta kudancin Maraɗi, wasu ta Dahomey. 'Yan Sawaba ne, jam'iyyar Djibo Bakary, wadda gwamnatin Diori Hamani ta haramta tun 1959. Akasarinsu 'ya'yan talakawa ne, direbobi da teloli da 'yan kamasho da ƙananan ma'aikata, waɗanda aka kai Ghana da Aljeriya da Biyetnam ta Arewa da ƙasar Sin aka koya musu yaƙin sunƙuru. Ba su yi nisa ba. Cikin 'yan makonni aka tarwatsa su, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai, sauran aka watsa su gidajen kaso. Cikin kayan da aka kama har da littattafan da suka cika da hannunsu, na darussan da aka ba su a Nankin, gwamnati kuwa ta baje su a matsayin shaida a kan masu su. Daga Unguwar Lalle ko Sabon Birni zuwa iyakar da suka keta ba wata tafiya ba ce, kuma iyakar kusantar da gurguzu ya yi wa ƙasar Gobir ke nan. Gwamnatin Diori ba ta gurguzu ba ce, gaba ma take yi da shi. Amma abin da ya sami waɗannan littattafai ya isa ya buɗe mana ƙofar zancen, domin a ƙasashen da samarin suka je neman horo, rubutun da mutum ya yi wa kansa ya daɗe da zama abin da hukuma ke farauta, kuma, abin da ya fi ɗaure kai, ya zama abin da hukuma ke shukawa.

Ajiye rubutun kai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman zaure suna da kundi, inda ake tara laƙani da addu'o'i, a bangon littafi kuma a rubuta ranar haihuwar ɗa, da shekarar da aka yi yunwa, da ranar rasuwar shehin da aka yi karatu a gabansa. A Madagali, hakimi Hamman Yaji ya riƙa sa magatakardansa yana rubuta masa abin da ya faru rana-rana daga 1912 zuwa 1927, har da hare-haren kamun bayi da ya kai, littafin kuma ya faɗa hannun Turawan mulki suka fassara shi. Sai dai irin waɗannan rubuce-rubuce lissafin abin da ya auku ne: wa ya zo, me aka samu, wa ya mutu. Mai su ba ya tsayawa ya tuhumi zuciyarsa. Dayarin da zan yi magana a kai na dabam ne. Shi ne wanda mutum ke zama da dare ya tambayi kansa wane iri ne shi, kuma ko ya cancanci zama a cikin al'ummar da ake ginawa.

Shekaru da yawa mutanen Yamma sun ɗauka sun san amsar yadda irin wannan rubutu yake a Tarayyar Sobiyet. George Orwell ya ba su siffar a littafinsa 1984, wanda ya fito a 1949: wani ma'aikaci ya sayo littafin rubutu a ɓoye, ya laɓe a lungun da na'urar sa ido ba ta hango shi, ya shiga zuba ƙiyayyarsa ga shugaba. Daga nan aka zauna a kan cewa kowane ɗan Sobiyet mutum biyu ne, na waje mai tafi da yabo a taron jam'iyya, da na ciki mai sanin gaskiya, wanda ba ya fitowa sai a takarda. Da ƙasar ta rushe a 1991 aka buɗe ma'ajiyoyi, iyalai kuma suka fara fito da akwatunan da suka ɓoye, sai ga abin da ba a zata ba. Lallai akwai masu zagin Stalin a ɓoye. Amma akwai ɗimbin waɗanda suka kulle ƙofa, ba mai ganinsu, suka zauna suna zagin kansu saboda ba su kai irin mutumin da Stalin ke so ba. Masanin tarihi Jochen Hellbeck ya bi waɗannan littattafai, ya fitar da nazarinsa Revolution on My Mind a 2006, kuma tun daga lokacin muhawarar ba ta lafa ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai cikinsu shi ne Stepan Podlubny. An haife shi a 1914 a wani ƙauye na Yukiren. Lokacin da Stalin ya tilasta haɗe gonaki, aka ware wasu manoma aka kira su kulak, wato masu hali masu shan jinin talaka, ko da halin nasu bai wuce saniya biyu da ɗan ƙwadago ba. Tsakanin 1930 da 1931 an kwashe mutum wajen miliyan 1.8 a kan wannan suna aka zubar da su a Saiberiya da Kazakistan da arewa mai ƙanƙara. Uban Stepan na cikinsu, an kora shi Arkhangelsk. Yaron da uwarsa suka sulale zuwa Mosko a 1931 da takardun jabu masu nuna su 'yan ƙwadago ne. Ya sami gurbin koyon aiki a maɗaba'ar Pravda, jaridar jam'iyya ita kanta, ya shiga Komsomol, ƙungiyar matasan gurguzu, ya zama shugaban rukuni. A wannan shekarar ya fara dayari.

Duk mai hankali zai zaci yaron da aka raba da gida, aka kori ubansa, zai yi amfani da littafin ya sauke abin da ke cinsa. Stepan bai yi haka ba. Ya yarda da hukuncin da aka yanke wa irinsa. Yana ganin a jininsa akwai wata cuta da ya gada, tunanin mai dukiya, kuma aikinsa shi ne ya kankare ta. Yana auna kansa: littafi nawa ya karanta, ya iya magana a taro ko bai iya ba, son da yake wa tsarin daga zuci yake ko na tsoro ne. Ƙarshen shekara sai ya yi wa kansa lissafin riba da asara kamar yadda masana'antu ke yi wa shirin shekara biyar. Ubansa kuwa, in ya ambace shi, a matsayin ragowar tsohon zamani yake ambatarsa. Abin da ke hana shi barci shi ne kada a gano asalinsa kafin ya gama sauya kansa. A 1932 'yan sandan ciki suka ɗauke shi ya riƙa kai musu rahoton abokan aikinsa, ya karɓa, yana tsoro yana kuma jin an amince da shi.

Domin a fahimci wannan sai an san nauyin asali a ƙasar. A ƙarshen 1932 aka fito da fasfo na cikin gida. Neman aiki, neman makaranta, neman ɗaki, kowanne da takardar tambayoyi, a cikinta da gurbin da za ka faɗi ko ɗan wane aji ne kai. Bagobiri yana ɗauke da asalinsa a kumatu, duk kasuwar da ya shiga tsagarsa ta riga shi gaisuwa, amma shi abin alfaharinsa ne. A can hukuma ce ke yi wa mutum tsagar a takarda, ta kuma mai da ita tabon laifi. A ƙarshen 1935 Stalin ya furta a wani taro cewa ba a kama ɗa da laifin uba, jaridu suka yayata. Cikin 1936 aka gano asalin Stepan aka kore shi daga Komsomol. A Disamban 1937 aka kama uwarsa, mace marar ilmin boko, aka yanke mata shekara takwas. Daga nan muryar littafin ta fara canjawa. Ya bi layin gidajen yari yana neman labarinta, ya ga dubban mata da tsofaffi a tsaye cikin sanyi, ya fara rubuta abin da ya gani da ɗaci. Shi ma aka kama shi a 1939. Ya rayu, ya tsufa, a ƙarshen shekarun 1980 ya kai littattafansa wata ma'ajiyar jama'a a Mosko.

Ba da ka irin wannan rubutu ya tsiro ba. Hukuma ta shuka shi. Mai neman shiga jam'iyya sai ya rubuta tarihin kansa, ya nuna yadda ya fito daga duhu zuwa haske. A lokutan tankaɗe da rairaya, kamar na 1933, ɗan jam'iyya kan tsaya gaban abokan aiki ya ba da labarin rayuwarsa, a yi masa tambayoyi, ya soki kansa. Marubuci Maxim Gorky ya jagoranci shirin rubuta tarihin masana'antu, inda aka ƙarfafa ma'aikata, har da masu haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Mosko, su riƙa ajiye dayari. Malaman makaranta sun sa ɗalibai. Mutanen da iyayensu ba su taɓa riƙe alƙalami ba, su ne farkon masu karatu a zuriyarsu, kuma harshen da suka tarar a jarida da aji shi kaɗai ne harshen da suke da shi na bayyana ciki. Wannan batu yana da muhimmanci ƙwarai. Yaron ƙauye da gwamnati ta koya wa baƙi, ta ba shi takalmi da laburare, ta ce masa shi ne magajin duniya, ba ƙaramin abu ne zai sa ya ce ƙarya take yi ba, ko da ita ce ta kori ubansa. Ya fi masa sauƙi ya ce aibin a jikinsa yake.

Musulmi da ya karanta waɗannan shafuka zai ji wani abu da ya sani. Yi wa kai hisabi tsohuwar tarbiyya ce a wurinmu. Al-Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a 857, da ita ya shahara, Imam Gazali kuma ya ware mata babi a Ihya, littafin da har gobe ake karantawa a zaurukan Sakkwato. Mutum ya zauna kafin barci ya bi ayyukan yininsa, ya binciki niyyarsa, ya nemi inda riya ta shiga. Siffar aikin Stepan ke nan, ba ragi. Amma a duba wanda ake yi wa lissafin. Mai muhasaba yana gaban Wanda ya riga ya san abin da ke zuci, ba ya buƙatar a kawo masa rahoto, ma'auninsa ba ya canjawa daga bana zuwa baɗi, ba ya ɗora wa ɗa nauyin uba, ƙofar tuba kuma a buɗe take. Stepan yana gaban alƙalin da ke sauya doka ba sanarwa, wanda gwarzon jiya yake zama maƙiyin jama'a yau a wurinsa. A Yulin 1937 hukumar 'yan sandan ciki, NKVD, ta fitar da umarni mai lamba 00447, wanda ya yanka wa kowane lardi adadin mutanen da za a harbe da waɗanda za a ɗaure. Adadi aka ba su su cika. A 1937 da 1938, bisa lissafin hukumar da kanta, an harbe mutum wajen 680,000. Duk tsarkin zuciyar da mutum ya wahala ya samu a littafinsa ba shi da gurbi a wannan lissafi. Abin da ya fi ba ni tausayi ke nan: an karɓi mafi kyawun abin da ɗan Adam ke da shi, wato son ya gyaru, an juya shi ya zama bulalar da zai riƙa dukan kansa da ita.

Akwai ja a kan wannan karatu, kuma ja ne mai ƙarfi. Ta yaya za a san mai rubutun ba don idon ɗan sanda yake yi ba? Kowa ya san in an zo kame, takardu ake fara kwashewa. Misalin da ake yawan kawowa shi ne Alexander Afinogenov, marubucin wasan kwaikwayo da ya yi tashe a farkon shekarun 1930. A 1937 aka kore shi daga jam'iyya da ƙungiyar marubuta saboda kusancinsa da mutanen da aka riga aka kama. Ya koma gidansa a Peredelkino, abokai suka ƙaurace masa, kullum dare yana sauraren ƙarar mota. A watannin nan ya cika shafuka da godiya ga wannan jarrabawa, yana cewa ta wanke shi daga girman kai da son jin daɗi, har ya tsara yadda tambayoyin mai bincike za su kasance da amsoshin da zai bayar. A farkon 1938 aka mai da shi jam'iyya. Bom ɗin Jamus ne ya kashe shi a Mosko a Oktoban 1941. To, tuba ce ta gaskiya ko takardar kare kai ce da aka ajiye inda za a gani? A ganina tambayar ta ɗauka cewa shi kansa ya san amsar. Mutumin da ya kwana wata da watanni yana shirya abin da zai faɗa wa mai tuhuma, yana maimaitawa, yana gyarawa, a ƙarshe mai tuhumar ya tare a cikin kansa. Ba sauran ɗakin da zai shiga ya rufe ya ce a nan ni kaɗai ne.

Ja na biyu ya fi wannan nauyi. Littattafan da suka tsira ba su ne duk waɗanda aka rubuta ba. Wanda ya rubuta abin da zai kai shi kabari, in ya ji an kama maƙwabci, murhu yake nufa da shi. Saboda haka abin da ya iso hannunmu ya karkata wajen masu biyayya da wajen waɗanda 'yan sanda suka ƙwace. Bai kamata a ɗauki mutum huɗu ko arba'in a ce ga zuciyar mutum miliyan 160 ba. Manoman da yunwar 1932 zuwa 1933 ta kashe da miliyoyi a Yukiren da Kazakistan ba su bar dayari ba, kuma ba na jin da yawansu sun mutu suna zargin kansu.

Ga kuma Nina Lugovskaya. 'Yar makaranta ce a Mosko, ta fara rubutu a 1932 tana da shekara goma sha uku. Ubanta ɗan wata jam'iyyar juyin juya hali ne da Bolshebik masu mulki suka murƙushe, ya sha ɗauri da kora, saboda haka a gida ta sami wani harshe ban da na jarida. Ta rubuta ƙiyayyarta ga Stalin ƙarara, har da fatan ganin bayansa. Amma mafi yawan littafin damuwar budurwa ce: idonta mai harara-garke, samarin ajinsu, kishin yayyenta, ranakun da take jin gara ta mutu. A Janairun 1937 aka yi wa gidansu dirar mikiya aka tafi da littattafan. Mai bincike ya bi su da jan fensir yana ja wa layuka. Ya ja wa zagin shugaba, wannan ba mamaki. Ya kuma ja wa wuraren da ta ce rayuwa ta ishe ta. A ƙasar da aka shelanta cewa rayuwa ta yi daɗi, baƙin cikin yarinya ma laifi ne. Aka yanke mata shekara biyar a Kolyma, ita da uwarta da yayyenta biyu. Ta fito, ta zama mai zane, ta rasu a 1993. Bayan rasuwarta wata mai bincike ta ƙungiyar Memorial, mai tono tarihin waɗanda aka zalunta, ta tarar da littattafan a cikin fayil ɗin shari'arta.

Irin wannan jan fensir ya bi ta kan littattafan Olga Berggolts, mawaƙiyar Leningrad. An kama ta a Disamban 1938 tana da ciki, ta rasa cikin a tsare, aka sake ta a tsakiyar 1939 aka miƙo mata dayarinta da alamun mai bincike a jiki. Ta ci gaba da rubutu, amma ta bayyana cewa yanzu duk kalmar da za ta sa sai ta ji kamar wani na leƙe ta kafaɗarta. Duk da haka ta shiga jam'iyya a 1940, kuma muryarta ce a rediyo ta riƙe mutanen birnin a kwanaki kusan 900 da Jamus ta yi musu ƙawanya. Ba za a ce mata munafuka ba, ba kuma za a ce mata makauniya ba. Ta ga abin da aka yi mata, ta rubuta shi, ta kasa rabuwa da mafarkin da ta ba kuruciyarta.

Wasu sun gane tun da wuri cewa takarda ba amana ba ce. Anna Akhmatova, wadda aka harbe tsohon mijinta aka kuma ɗaure ɗanta, takan rubuta baiti a ƙyallen takarda ta miƙa wa ƙawarta Lydia Chukovskaya, ita kuma ta haddace, sannan a ƙone takardar a wurin, bakinsu na zancen yanayin gari saboda kunnen bango. Da hadda a ƙirjin mutane ƙalilan doguwar waƙarta ta makokin waɗanda aka kama ta rayu shekaru kafin a sa ta a takarda. Mu da muka tashi a ƙasar allo da tilawa mun san ƙarfin wannan ma'ajiya. Mikhail Prishvin kuwa, wanda jama'a suka sani da labaran daji da tsuntsaye, ya yi shekara kusan hamsin yana rubuta abin da yake gani a asirce, ba a fara buga shi cikakke ba sai daga 1991, ya kai mujalladi 18.

A ƙasar Sin an ƙara gaba. A can hukuma ta fito da dayarin da za a kwaikwaya. Lei Feng soja ne da ya mutu a hatsari a 1962 yana da shekara 21. A 1963 shugaba Mao ya yi kira a yi koyi da shi, aka buga littafin da aka ce nasa ne, cike da son shugaba da sadaukar da kai, masana da dama kuma suna shakkar ko hannun masu farfaganda bai shiga ciki ba. Miliyoyin yara suka koyi rubuta nasu a kan wannan ƙira. Da Juyin Al'adu ya ɓarke a 1966, Jajayen Dakaru suka riƙa fasa gidaje suna neman littattafan da suka kauce. Yu Luojin ta sha shekara uku a sansanin gyaran hali saboda abin da aka gani a nata. Yayanta Yu Luoke, wanda ya rubuta maƙala yana ƙalubalantar hukunta mutum da asalin gidansu, an harbe shi a watan Maris na 1970.

Na san mai karatu a Isa ko Gatawa ko Unguwar Lalle zai ce, mu ma ai mun san zaman da baki ba ya faɗin abin da ido ya gani. Gaskiya ne. A Mayun 2020 an kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni, irin su Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato. A Disamban wannan shekara aka ƙone matafiya a cikin mota a wajen Gidan Bawa. Dubban iyalai sun tsallaka jihar Maraɗi. Ƙauyuka suna biyan haraji ga yaran ɗan bindiga Bello Turji da ire-irensu kafin a yi shuka, su sake biya kafin a yi girbi, kuma tsoron infoma ya sa mutum na auna maganarsa ko a gaban ɗan uwa. Amma kada zafin abin ya sa mu haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Ɓarawon daji yana son shanunka da kuɗinka da shirunka. Bai damu ka so shi ba. Ba ya buɗe makaranta ya koya wa ɗanka cewa kai ne cutar da ke jininsa. Manomin da ya kai kuɗin haraji ya dawo gida ya san zalunci aka yi masa, matarsa ta sani, limaminsu ya sani, in ya ɗaga hannu a sujada ya san sunan abin da yake kai ƙara. Wannan sani shi ne abin da aka ƙwace wa Stepan Podlubny yana ɗan shekara goma sha bakwai, kuma sai da aka kama uwarsa ya fara dawo masa.

Inda muka yi tarayya da su shi ne wajen haɗarin ajiye shaida. A yau kundin yawancin mutane waya ce: saƙon murya, hoton gawa, lambar wanda aka yi cinikin fansa da shi. Wayar kuwa ana iya karɓe ta a hanya, ko a hannun 'yan bindiga, ko a shingen jami'an tsaro, ko wurin 'yan sa-kai, kowannensu kuma da irin karatun da zai yi mata. Don haka mutane ke gogewa. Abin da ake gogewa ɗin shi ne abin da za a nema nan da shekara talatin, ranar da za a tambayi wa aka kashe, a wace gona, ran wace kasuwa, nawa aka biya, wa ya kai. A Rasha, shirin Prozhito da aka fara a 2015 ya tattara dubban dayari na talakawa da manya ya sa a intanet, ana iya neman rana guda a ga abin da mutane daban-daban suka rubuta a cikinta. Muna da wuraren da suka san darajar tsohuwar takarda, kamar Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da Arewa House a Kaduna, inda rubutun zamanin Shehu da Bello ke ajiye. Labarin faɗuwar Alƙalawa a 1808 ya zo mana galibi ta alƙalamin waɗanda suka ci yaƙin, na Gobirawa kuwa ya fi zama a bakin maroka da tsofaffi. Ina fatan malamin firamare da ke gudun hijira, da ma'aikaciyar asibitin da ta wanke raunuka, da limamin da ya sallaci gawa ashirin rana ɗaya, akwai masu rubutawa a cikinsu, a takarda, da boko ko da ajami, su kuma adana inda hannu ba ya kai.

Marubuci Mikhail Bulgakov ya gwada ɗaya hanyar. A Mayun 1926 'yan sandan ciki suka bincike ɗakinsa a Mosko suka tafi da dayarinsa. Ya yi shekara uku yana kai ƙorafi, da taimakon Gorky aka mayar masa a 1929. Yana karɓa ya cinna masa wuta, bai kuma sake ajiye wani ba har ya rasu a 1940. Bai san an kwafe shi kafin a ba shi ba. Kwafin ya kwana a ma'ajiyar hukumar shekara sittin, daga can aka ɗauko shi aka buga lokacin da ƙasar ke gab da rushewa. Ƙungiyar Memorial kuwa, wadda mutanenta suka tono littattafan Nina da sunayen miliyoyin waɗanda aka zalunta, Kotun Ƙolin Rasha ta ba da umarnin rufe ta a Disamban 2021.